Kujerar Baya

"Kwashe komai," in ji Dakta Ashafa. "A filin tsere ko tsinke ba sa bari a cikin mota."

Ƙaninsa Sunusi ya buɗe ƙofar motar. Shi ya canza man birki, shi ya duba iskar tayoyi, don gobe Yaya zai fara gwada gudu a wani fili kusa da Birmingham. Ya fito da bargo da buta da buroshi, ya jera su a bakin titi.

"Har kujerar baya. Nauyi kawai take ƙarawa."

"Yaya, ita kam a bar ta mana."

"Motarka ce?"

Sunusi ya ɗauko sifana, ya kwance ta.

Ashafa ya shafa motar yana murmushi. "Na kama mata gareji. Sanyin Manchester ba ya raga wa taya, ta daina kwana a waje."

Ya ja ta ya tafi.

Sunusi ya zauna a kan kujerar, yayyafi na dukansa. Tun da ƙaramar hukuma ta rage ma'aikata ya rasa aikinsa da ɗakin hayarsa, a kanta yake kwana a cikin motar. Bargon ma Yaya ne ya ba shi.