Bugu a Hanyar Funtuwa

Tabarma, buta, ƙwaryar fura, da Baba kwance a bayan akori-kura, Inna na tallafe da kansa. Asibitin Funtuwa muka nufa.

Muna wuce Gozaki bugu ya fara. A Ingila na karanta aikin mota, na dawo a 1963, don haka na san ƙarar: robar da injin ke zaune a kai ta cinye. Na tsayar da motar, na shiga ƙarƙashi, na cusa guntun taya, na ɗaure.

Muka tashi, bugun ya dawo. Na sake tsayawa, na fito.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta yi mini magana kai tsaye. Daji ta kalla.

"A gaya wa mai mota, ni ce ke buga ƙarfen. Yana can ƙarƙashi Malam ya cika."

Na shiga, na rufe ƙofa.

"Gida za mu koma," na ce.