Zaɓen Magajin Garin Vila Pequi

Gilvandro ya sauka daga bas a wata unguwa ta Goiânia da uzuri arba'in a aljihu. Sai da ya rubuta su a takarda don kada ya rikice.

Shekara uku ke nan yana magajin garin Vila Pequi, garin da babu shi ko'ina sai a sabar wasa ta intanet, inda mutum ke shiga ya zama ɗan sanda ko ɓarawo, a yini ana zagin juna da Fotugis. A waje, abinci yake kai wa mutane a babur. A ciki kuwa har jiniya ake yi masa.

Maganar gaskiya, magoya bayansa arba'in duk shi ne. Tun da jama'a suka fara ƙaura zuwa sababbin sabobi ya riƙa buɗe asusun bogi, har da wani Marlon da wata kaka mai yi masa addu'a. Hukuncin wannan laifi ɗaya ne, kora ta har abada.

Abokin takararsa a wannan karon shi ne Seu Odair, dattijon da ya kafa sabar. Mutanensa arba'in da ɗaya na ba Gilvandro haushi. Idan ana gangami sai su jeru ƙiƙam, ba mai katse wani, ba mai buɗe makirufo. Irin wannan ladabi shi bai taɓa ganinsa a Brazil ba.

Bana sai Seu Odair ya sanar cewa zaɓe ido da ido za a yi, a wajen gashin naman cikar sabar shekara goma, kowa ya ɗaga hannunsa na gaske. Gilvandro ya yi sati yana ƙirƙiro uzuri.

Da ya isa gidan Seu Odair, ya tarar da kujerun roba jere a tsakar gida, ga nama tuli, ga shinkafa mai tafarnuwa. Wani dattijo mai tumbi na fifita gawayi.

"Mai girma magajin gari! Ashe haka kake ɗan firit? Ina jama'arka?"

"Suna hanya, Seu Odair. Wato... kaka ba ta da lafiya. Marlon kuma an yi masa haihuwa."

Yana kai uzuri na tara ya tsaya. Kunya ta rufe shi, ya gaji da kansa.

"Ba wanda zai zo. Duk ni ne. Ka kore ni kawai, kafin mutanenka su iso su yi mini dariya."

Dattijon ya ajiye mafici, ya ja kujera ya zauna.

"Wa zai iso, ɗana? Nawa ma duk ni ne. Shekara uku na ƙi rufe sabar nan saboda mutanenka arba'in, ina cewa su kaɗai ne na gaske da suka rage."