Luguden Gidan Iya Lantana

Shekara uku ke nan da hana daka a garin da ke cikin bakin dutse mai aman wuta, don na'urar sauraron ƙasa ba ta bambance taɓarya da girgiza. Da hantsi sai ga Tanimu, ma'aikacin sauraro.

"Iya Lantana, na'ura ta ce ana lugude a gidan nan."

"Lugude? Ni kaɗai? Ɗan nan, ba kai ka karɓe taɓaryata ba?"

Ta nuna masa turmin, kaza kwance a ciki kan ƙwai. Sai ta ji abin a tafin ƙafarta, dim, dim, dim.

"To su wa ke daka a ƙarƙashinmu?"

Kafin ya amsa, kazar ta tashi ta bar ƙwanta.