Kuɗin Tarihi Sun Shiga Buhun Wake

Madam Rahama ce ta sa hannu a kan takardar furoje, wato shirin tallafi, amma kuɗin ko a ido ba ta gan su ba.

Malama ce a lekol, makarantar bokon Garin Maina, wani ƙauye na ƙasar Mallawa. Ya daɗe yana damunta cewa yaran ajinta suna jero sunayen kogunan Turai da ka, amma ba wanda ya san waɗanda suka sare dajin da aka kafa garinsu. Da ta ji wata ƙungiya tana ba da tallafi don a ɗauki muryoyin tsofaffi, a rubuta tarihin gari, a koya wa yara, sai ta nema, aka kuwa ba su.

Kuɗin suka shigo ta hannun kwamitin iyayen yara. Shugaban kwamitin Alhaji Illa ne, wan mijinta. Shi ya riƙe mijin nata, Zakariya'u, tun yana maraya, shi ya yi masa aure, ɗakin da suke kwana ma a cikin gidansa yake.

Wadda Rahama ta fi ƙwallafa rai a kanta ita ce Kaka Falmata, tsohuwar da ta girmi kowa a garin. Idonta ya tafi, amma ta san zuriyar kowane gida. Ta san yadda mazan garin suka tsere wa aikin dole na zamanin Nasara suka ƙetare iyaka, da yadda mata suka riƙe gonaki har suka dawo. Waƙoƙin daka da na shekarun yunwa duk suna bakinta.

Rahama ta durƙusa gaban Alhaji Illa, ta roƙe shi ya aika Damagaram a sayo na'urar ɗaukar murya. Ya ce ta bari a gama aikin gona. Aka gama, ta koma, ya ce ta ƙara haƙuri. Ranar nan tana wucewa ta ga mangazarsa a buɗe, buhunan wake har rufi. Ba sai an gaya mata ba. Da ta yi ƙarfin halin tambaya, bai ma musa ba. Ya ce aro ya yi, da wake ya yi tsada a Najeriya zai sayar ya mayar.

Ta kai wa mijinta kuka. Zakariya'u ya ce, "Ki rufa mini asiri, Rahama. In kika kai ƙarar Yaya, da wane ido zan dube shi? Ina kuma za mu zauna?"

Ta bar maganar a nan. Duk lokacin da ma'aikaciyar ƙungiyar ta kira ta a waya, sai ta ce aiki yana tafiya, ta kashe wayar. Tata wayar 'yar ƙarama ce, ba ta ɗaukar murya. Ta yi tunanin aron ta direktan lekol, amma ta san tambayar da zai fara yi ita ce ina na'urar furoje. Ta rasa ta inda za ta ɓullo ba tare da ta tona gidan mijinta ba.

Wata ranar Juma'a ta je gaida Kaka Falmata. Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe.

"'Yata, yaushe za ki kawo akwatin maganar nan? Jiya na nemi sunan mijin kakata, wuni guda na yi kafin ya zo mini. Abubuwan suna zubewa."

Rahama ta ce ya kusa. Ta koma gida ta rufe ƙofa ta yi kuka.

Cikin zafin bazara Kaka Falmata ta faɗi a bakin randa. Ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya karye. Rahama ta riƙa zuwa tana zama kusa da ita. Tsohuwar tana motsa baki, hawaye na zuba, ba kalmar da ke fita. Kafin ruwan farko aka binne ta.

Waken kuwa ƙwari sun huda shi, aka sayar da asara. Da mutanen ƙungiyar suka iso don su ga aiki, aka taru a gindin bishiyar lekol. Alhaji Illa ya gyara zama ya ce shi bai yi boko ba, bai san kan takardu ba, a tambayi wadda ta sa hannu. Rahama ta dubi mijinta. Idonsa na ƙasa. Ta buɗe baki, ta tuna ita da kanta ta yi ta cewa aiki yana tafiya, ta rufe.

Ƙungiyar ta cire Garin Maina daga shirin, har da ƙauyukan da ke jiran nasu rabon. Ansefekta mai duba makarantu ya dakatar da Rahama daga aji. A bakin rijiya mata suna ganinta sai su rage murya, yara kuma suka sa mata suna mai cin kuɗin tsofaffi. Har yau tana cikin gidan Alhaji Illa, kowace safiya tana durƙusawa ta gaishe shi.

Jama'a, kuɗin da aka bayar don adana tarihinmu amanar gari ce, ba jarin mutum ɗaya ba. Kada kunyar dangi ta sa mu rufa wa mai cin amana asiri, domin tsofaffinmu ba za su jira mu ba, abin da ya tafi da su kuma ba kuɗin da zai dawo da shi.