Jitar Bilyaminu

Ke, tsaya ki ji, ni fa saboda jitar nan na fara son Bilyaminu. Ja ce, ta lantarki, irin ta mutanen da. Sati ukku ina rigima da Baba don ya bar ni in auri makaɗi.

Yau da la'asar sai ga Bilyaminu daga Kaura yana murmushi. Ya miƙo mini jan katako, ba wuya, ba tsirkiya.

"Mi ne wanga?"

"Na bar kiɗa saboda Baba, Salima. Kin samu abin yankan albasa."

Da ƙyar na ce, "Baba ya yarda tun jiya."

Murmushin ya ɓace, ya ƙura wa katakon ido.

To ke, za ki auri wanda ya ɗauki zarto bai tambaye ki ba?