Kunamar Ruwa a Kududdufin Magini

Kana cewa duk abin da ya cije ka maƙiyinka ne? To zauna tukuna, ka ji abin da ya sami wani maginin tukwane.

Mutumin nan yana da kududdufi a bayan gidansa. Nan yake haƙar yumɓu tun yana saurayi, har ramin ya yi zurfin da ko da rani ba ya ƙafewa. Cikin ruwan akwai ƙwari iri-iri. Akwai masu iyo a rigingine, akwai kuma wata mai faɗi, launin busasshen ganye, da hannaye biyu lanƙwasassu kamar lauje, wadda ake ce wa kunamar ruwa. Takan laɓe cikin ciyawar bakin ruwa, duk abin da ya motsa kusa da ita ta cafke ta tsotse. Abin mamaki, unguwar tana bakin ruwa amma sauro bai dame ta ba, ko da damina mutane kan baje tabarma a tsakar gida su sha iska son ransu. Magini ya ce ai albarkacin hayaƙinsa ne, don duk ranar Laraba yana gasa tukwane da kara da kashin shanu, hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Mutane suka yarda, shi kuwa ya fi kowa yarda. Kai, har kuri yake yi da abin a kasuwa.

Yana da jika guda tak, 'yar shekara huɗu. Uwarta ta binne 'ya'ya uku kafin ta same ta, shi ya sa aka raɗa mata Barmani. Tsohon nan ba ya haɗa ta da kowa. "Amaryata" yake ce mata, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta auren mai furfura. Wata safiya ta bi shi bakin kududdufi, ta tsoma ƙafa, sai ihu. Kunamar ruwa ta soke ta a babban yatsa. Cizon da zafi, ba ƙarya, amma zafin yini guda ne, kafin la'asar yarinya ta koma wasanta. Kakan ne bai huce ba. Ya je wurin maƙwabcinsa manomin wake, ya karɓo ragowar maganin feshi, ya tuttule kwalbar kaf cikin ruwan, har da ɗauraye ta. Kashegari ƙwari suka taso saman ruwa birjik, matattu, su da talibambam. Ya sa kwando yana kwashewa yana zubarwa, ransa fes. Wani tsohon masunci ya zo wucewa, ya tsaya ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Malam magini, ka kashe masu gadinka. Waɗannan su ke cinye 'ya'yan sauro tun suna tsutsa." Magini ya ja tsaki, ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin mai gadin da ke cizon 'yar gida ba.

Ruwan sama ya yi ta zuba har ya wanke dafin. Kunamar ruwa ba ta dawowa da wuri, sauro kuwa ba ya jiran gayyata. Ya zo ya tarar da kududdufin babu mai gadi, ya zuba ƙwai iyakar ƙarfinsa. Ba a yi sati biyu ba, in magini ya kamfato ruwan kwaɓa yumɓu sai ya ga ƙwarya cike da tsutsa suna wutsil-wutsil. Da almuru kuwa sai ka rantse goge ake yi a bayan gidan saboda kukan sauro. Wai kuma sai bawan Allah ya ƙara wuta! Ya koma kunna ta sau uku a sati, ko babu tukunyar gasawa, har karansa ya ƙare, idanunsa suka kaɗa suka yi jajur. Ina! Sauro ya riƙa ratsa hayaƙin yana shiga ɗaki.

Zazzaɓi ya bi unguwa gida-gida. Manya suka kwanta suka tashi. Barmani ta kwanta ran Lahadi, jiki kamar garwashi, ran Talata da hantsi ta fara jijjiga. Aka ɗauko babur, kakan ya hau baya yana rungume da ita. Hanya duk taɓo ce, tafiyar ba ta sauri. Sun hango katangar asibiti ke nan ya ji yarinyar ta saki, ta yi nauyi a hannunsa. Ya ce wa mai babur ya tsaya. Ƙafarta guda tana reto, ya kamo ta, ya duba babban yatsan nan. Wallahi ko tabo babu.

Sai da damina ta zagayo. Wata rana yana tsaye cikin kududdufi yana haƙa, ya ji an soke shi a dunduniya. Ya san ko mece ce. Bai yi ihu ba, bai ɗaga ƙafar ba, ya tsaya har ta gaji ta sake shi. Ya sunkuya ya ɗebo ta a tafin hannu tare da ruwanta, ya kai ta cikin ciyawa ya sake ta a hankali. Sannan ya zauna bakin ramin ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza, don yanzu ba shi da wanda za a yi wa gadin.

Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.