Wayar Hagu

Sau huɗu Saudatu ta kwance wayar nan ta hagu ta sake ɗaurawa kafin a kira sunan makarantarsu.

Bana masu shirya gasar mutum-mutumi ta 'yan sakandare sun ce kowa ya ajiye tsohuwar ƙwaƙwalwar mutum-mutuminsa. Suka raba sabuwa, wani ɗan allo da bai fi akwatin ashana ba, da rimot iri ɗaya, da tsarin tuƙi iri ɗaya. Ramukan wayar ƙanana ne kamar kafar allura. Malam Elias, malamin kimiyyarsu, ya yi gargaɗi har muryarsa ta dushe: in aka juya wayar taya ɗaya, a ce wa abu gabas sai ya nufi yamma. Ita kuwa Saudatu ita ta ce a bar mata haɗin wayoyin, ba ta yarda da hannun kowa ba.

Gafiya suka sa wa nasu mutum-mutumin suna, don har wutsiya gare ta. Wata uku Saudatu tana tuƙa ta a tsakar gidansu a Ƙofar Dumi, ta zagaya turmi, ta ratsa tsakanin butoci, har kaji suka gaji da gudu suka koma kallo.

Direban da ya ci, shi za a ba gurbin koyon aikin injiniya a Abuja. Babanta ya gaya mata cikin lumana cewa in ba a dace ba, keken ɗinkin Goggo Dada na jiranta a Wunti. Ajin ƙarshe take. Babu zancen baɗi.

A karawar ƙarshe aka haɗa su da wata makaranta daga wajen Zungur. Direban 'yan Zungur na ainihi zazzaɓi ya kwantar da shi da safe, aka jawo wani Jesse aka damƙa masa rimot. Ya riƙe shi kamar an ba shi ƙosai daga cikin mai.

Kafin kowace karawa sai an haɗa rimot da ƙwaƙwalwa, abin da ɗalibai ke kira ɗaurin aure. Alƙalin gasa, Malam Hammajoda, yana sauri don azahar ta matso. Ya jera mutum-mutumin biyu a tebur, ya danna nan ya danna can, fitilu suka yi kore, ya ce an ɗaura, saura goro. Aka yi dariya.

Aka busa usur. Ƙwallo shida kowa zai kwashe ya zuba a kwando cikin minti uku.

Saudatu ta danna gaba, Gafiya ta yi hagu. Ta danna dama, Gafiya ta tsaya tana karkarwa, sannan ta je ta sumbaci katako. Nan take ta yanke hukunci a ranta. Wayar hagu ce. Amma ba ta saki ba, ta ci gaba da yin abin da yatsunta suka haddace, ko Allah zai sa abin ya dawo hayyacinsa. Idonta bai bar Gafiya ba. Daga ɗaya ɓangaren ihu kawai take ji, ana ƙirgawa: huɗu, biyar, shida.

Shida da nema.

Malam Elias bai ambaci waya ba.

"Ba komai, 'yata. Kin yi ƙoƙari."

Gara ma ya zage ta. 'Yan ajinsu suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaga Jesse a kafaɗa, aka sa masa lasifika a baki, ya ce shi ma bai san ya iya haka ba. Malam Hammajoda ya sa hannu a takarda, ya buga hatimi, ya sanar cewa hukuncin alƙali ba ya tashi, ya hau babur.

Saudatu ta zauna a benci, ta cire batirin Gafiya, ta bi wayoyin da sukudireba ɗaya bayan ɗaya. Ta hagu daidai take. Ta dama ma haka. Ko abin da za ta ɗora wa laifi ba a bar mata ba. Ta soma tunanin ko Goggo Dada da maɓalli za ta fara koya mata ko da kalmasa.

Ta ɗauki rimot don ta mayar. Babban yatsanta, da bai san an gama ba, ya yi zagayen turmin nan na tsakar gida, sau ɗaya, na bankwana.

Gafiya na kan cinyarta babu batir. A can kan teburin kyauta kuwa, mutum-mutumin Zungur, da ƙyallen nasara a wuyansa, ya juya tsaf ya zagaya kofin gasar.